NAZARI: Dokoki da Ladubban Kamun Kifin Shak a Gaɓar Teku, Misali daga Jihar Filorida ta Amurka

Ranar 14 ga watan Yuni, 1964, wani magini mai suna Walter Maxwell ya tsaya a kan gadar masunta ta Cherry Grove, a gaɓar tekun Jihar Karolina ta Kudu a ƙasar Amurka, ya kama kifin shak mai nauyin laba 1,780, watau kimanin kilo 807, da sandar fatsa da ƙugiya guda, bayan an shafe sa'o'i ana kai ruwa rana tsakaninsa da kifin. Wannan kamu ya shiga littafin bajinta na duniya, kuma sai da aka yi shekara 40 kafin wani masunci a ƙasar Ostareliya ya kamo irinsa a 2004. Amma wanda ya ce zai maimaita abin da Maxwell ya yi a wannan yanki a yau, da 'yan sanda zai gamu. Gundumar Horry, wadda gadar take cikinta, ta haramta farautar shak daga kan gada ko daga gaɓa tun daga 1 ga watan Maris har zuwa 30 ga watan Nuwamba na kowace shekara, kuma duk wanda ya lura shak ne ya haɗiye masa ƙugiya, wajibi ne ya sake shi.

Dalilin wannan hani bai wuce na kuɗi ba. Yankin yana cin abinci ne daga baƙi masu zuwa hutu da iyo a teku, kuma masu otal-otal ba su ga ribar da ke cikin jawo kifi mai kilo 800 kusa da inda 'ya'yan baƙinsu ke wanka ba. Jihar Filorida, wadda ke kudu da can, ta fuskanci irin wannan matsala, har ma tata ta fi girma, amma ta bi wata hanya dabam. Ba ta rufe sana'ar ba, sai ta gindaya mata sharuɗɗa. Yadda ta yi hakan abin dubawa ne ga duk ɗan kasuwar da dukiyarsa ta dogara da wani wuri da jama'a suka yi tarayya a kansa, ko kasuwa ce, ko tasha, ko mashaya, ko bakin ruwa.

Kifin da wurin kamunsa

Shak kifin teku ne mai cin nama, wanda jikinsa guringuntsi ne, babu ƙashi. Akwai irinsa fiye da 500, daga wanda bai wuce tsawon hannu ba zuwa wanda ya ɗara motar safa. Abin da ya bambanta shi da tarwaɗa ko karfasa ta fuskar tattalin arziki shi ne jinkirin hayayyafa. Yawancin manyansa haihuwa suke yi, 'ya'ya kaɗan, bayan doguwar goyon ciki, kuma sai sun yi shekaru kafin su balaga. Babban shak mai kan guduma, alal misali, macensa takan yi wajen wata 11 da ciki, kuma sau ɗaya take haihuwa a shekara biyu. Saboda haka idan aka ci uwar kuɗin, ribar ba ta saurin mayar da ita. Wani bincike da mujallar kimiyya ta Nature ta buga a 2021 ya nuna cewa yawan shak da danginsa na tsakiyar teku ya ragu da kashi 71 daga cikin 100 tun daga 1970.

Masu farautarsa daga gaɓa a Amurka galibinsu ba don ci ko sayarwa suke yi ba, don nishaɗi ne da gwada ƙarfi. Wurare biyu suke tsayawa. Na farko shi ne rairayin bakin teku, inda mai fatsa kan kafa sandarsa, ya ɗauki koto, watau abincin da ake maƙalawa a ƙugiya, ya shiga ƙaramin kwalekwale ya kai shi can bayan inda igiyar ruwa ke karyewa, ya jefa, ya dawo ya zauna jira. Koton kan zama kan babban kifi ko rabinsa. Na biyu shi ne gadar masunta, wadda gada ce ta katako ko ta kankare da ake miƙawa daga gaɓa zuwa cikin teku ba tare da ta ƙetara ko'ina ba. Wasu gadojin na hukuma ne, wasu na 'yan kasuwa, kuma a mafi yawansu sai an biya kuɗin shiga.

Masu haƙƙi a ruwa ɗaya

Filorida ta karɓi baƙi fiye da miliyan 130 a shekarar 2023. Jihar ba ta karɓar harajin albashi daga mazaunanta. Babban abin da take dogara da shi shi ne harajin saye da sayarwa na kashi 6 daga cikin 100, wanda baƙin nan ke biyan wani kaso mai tsoka daga cikinsa. Duk abin da zai tsorata baƙo daga bakin ruwa, to ya taɓa baitulmalin jiha kai tsaye. Ga shi kuma jihar ce kan gaba a duniya wajen cizon shak. Ofishin da ke tattara wannan lissafi a gidan adana tarihin halittu na Jami'ar Filorida ya ƙirga cizo 69 a duniya baki ɗaya a 2023, waɗanda mutum bai tsokani kifin ba. 16 daga ciki a Filorida suka auku, rabinsu kuwa a gunduma ɗaya tak, watau Volusia. Idan aka auna wannan da miliyoyin da ke shiga ruwan, adadin ƙanƙane ne ƙwarai. Sai dai tsoro ba ya bin lissafi, kuma tun daga fim ɗin Jaws na 1975 labarin cizo guda ya isa ya cika jaridu.

A ɗaya ɓangaren akwai masu fatsa, waɗanda su ma ba 'yan rakiya ba ne a tattalin arzikin jihar. Kamun kifi na nishaɗi yana juya dubban miliyoyin daloli a shekara: shagunan sanda da ƙugiya, masu sayar da koto da ƙanƙara, masu gadoji, da jagororin da ake biya su kwana da baƙo a kan rairayi har ya kama shak ɗinsa na farko. Hujjar da suka daɗe suna kafawa ita ce, ba su suka kawo shak ba, a nan suka tarar da shi. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin kowane hunturu dubban shak masu baƙin fiffike sukan yi ƙaura su taru dab da gaɓar Palm Beach, har masana na Jami'ar Florida Atlantic suna ƙirga su daga jirgin sama. Ɓangare na uku su ne masu kare halittu da kamfanonin da ke kai baƙi nutso don kallon shak, waɗanda a wurinsu kifi mai rai jari ne da ake cin ribarsa kullum, mataccen kuwa asara ce.

Shekara da shekaru ladabi ne kawai ke raba waɗannan mutane. Abin da ya karya shi shi ne kyamarar wayar hannu. Hotuna suka riƙa yawo na samari zaune a kan shak a busasshen rairayi, sun ɗaga masa kai sun wage masa baki, washegari kuma a wayi gari teku ta turo gawar mai kan guduma a gaban otal. A watan Yuli na 2017 wani bidiyo ya bazu na wasu mutane da suka ɗaure shak suna jan sa a bayan jirgin ruwa mai gudu a yankin Tampa. Ko da yake wannan ba daga gaɓa aka yi shi ba, ya harzuƙa jama'a matuƙa, aka gurfanar da mutanen bisa zaluntar dabba, gwamnan lokacin, Rick Scott, ya nemi a sake duba dokoki. Hukumar Kiyaye Kifi da Namun Daji ta jihar ta zagaya garuruwa tana jin ra'ayin jama'a a 2018, ta amince da sababbin ƙa'idoji a watan Fabrairu na 2019, suka fara aiki ranar 1 ga watan Yuli na wannan shekara.

Abin da dokar 2019 ta ƙunsa

Matsala ta farko da masu tsara dokar suka warware ita ce ta gane wane ne mai farautar shak. Ƙugiya ba ta zaɓen baki, kuma kowa zai iya cewa wani kifi yake nema shak ya faɗo. Saboda haka ba a tsaya kan niyyar mutum ba, aka dubi kayan aikinsa. Wanda ke tsaye a gaɓa, ko a kan gada, ko a kan duwatsun tare ruwa, idan ya ɗaura wayar ƙarfe da ta wuce ƙafa 4 a bakin igiyarsa, ko ya yi ɗamara da bel ɗin da ake jingina sanda a jikinsa don kokawa da babban kifi, ko ya kai kotonsa cikin ruwa ta wata hanya ban da jifa da hannu alhali faɗin ƙugiyarsa ya kai inci ɗaya da rabi, to doka ta ɗauke shi mai farautar shak, ko me ya ce yana nema. Wannan dabara ta sauƙaƙa aikin jami'i, domin awo yake yi, ba gardama ba.

Irin wannan mutum, muddin ya kai shekara 16, sai ya mallaki takardar izini ta musamman wadda ake sabuntawa kowace shekara. Ba a biyan ko kwabo a kanta, amma ba a bayar da ita sai an kammala wani ɗan gajeren darasi ta intanet a kan gane irin kifin da yadda ake sakinsa. Har tsofaffi 'yan shekara 65 zuwa sama, waɗanda aka yafe wa lasin kamun kifi na yau da kullum, ba a yafe musu wannan ba. Yaro ƙasa da shekara 16 kuwa ko ya yi darasin, ko ya kasance tare da babban da ke da izini. Bayar da takardar kyauta ba sakaci ba ne. Hukuma ba kuɗi take nema ba. So take ta san yawan masu sana'ar, ta kuma toshe bakin wanda zai ce bai san doka ba.

Sharaɗin da ya fi faranta wa masu otal rai shi ne hana watsa jini da yankakken kifi a ruwa daga bakin rairayi. Masu fatsa sun saba zuba irin wannan don ƙamshinsa ya bi ruwa ya kirawo kifi daga nesa, kuma shak na daga cikin halittun da suka fi jin ƙamshi. Dokar ta hana wannan ɗabi'a ga kowane mai kamun kifi a rairayin, ko shak yake nema ko waninsa, har da wanda ya shiga ruwa iya gwiwa. A nan ma an toshe ƙofar musu. Tun a 2002 jihar ta riga ta hana masu nutso ciyar da shak a ruwanta, saboda haka wannan ci gaba ne na tunani ɗaya: kada a koya wa kifin haɗa wurin mutane da abinci.

Sai batun ƙugiya. Wanda zai yi amfani da koton nama, mai rai ko matacce, dole ƙugiyarsa ta zama mai lanƙwasa kamar zobe, wadda tsininta ke kallon jikinta, kuma ta ƙarfe mai yin tsatsa. Hikimar lanƙwasar ita ce, idan kifi ya haɗiye ta ya juya, takan zamo ta fito ta maƙale a gefen baki, maimakon ta soki ciki ko maƙogwaro. Hikimar tsatsar kuwa, idan aka yanke igiya aka bar ta a bakinsa, ruwan gishiri zai cinye ta ta faɗi. An kuma wajabta wa kowa ya riƙe almakashin ƙarfe a kusa da shi, wanda zai iya datse waya ko ƙugiya nan take. Ƙugiya mai baki uku haramun ce tare da koton nama, kuma da igiya da ƙugiya kaɗai aka yarda a kama shak a ruwan jihar, wanda ya kai mil 3 na teku a ɓangaren Atilantika da mil 9 a ɓangaren yamma.

Zuciyar dokar tana ga irin kifayen da aka haramta ɗauka, waɗanda suka haura 20. A cikinsu akwai farin shak, da mai launin lemo wanda aka hana a 2010, da mai zanen damisa irin na Maxwell da manyan masu kan guduma iri uku, waɗanda aka hana tun farkon 2012. Idan ɗayansu ya kamu, ba a yarda a fitar da shi daga ruwa ba ko na daƙiƙa guda. Dole kafofin numfashinsa da ke gefen wuya su kasance a nutse, kuma a sake shi ba tare da ɓata lokaci ba. Ba a jinkirta saki don awo ko ɗaukar hoto. Idan cire ƙugiya zai ɗauki lokaci, a yanke.

Wannan sharaɗi yana da tushe a halittar kifin. Shak ba shi da haƙarƙarin da zai tallafi cikinsa. Ruwa ne ke ɗauke masa nauyi, saboda haka idan aka ja shi kan tudu, nauyin jikinsa yakan danne kayan cikinsa. Bugu da ƙari, wasu irinsa sai suna tafiya ruwa ke ratsa kafofin numfashinsu. Mai kan guduma ya fi kowanne rauni a nan, duk da girmansa da kwarjininsa. Yakan yi kokawa da igiya iya ƙarfinsa har jininsa ya gurɓace da gajiya, kuma binciken masana na Jami'ar Miami ya nuna yana cikin waɗanda suka fi mutuwa bayan an sake su. Mai fatsa zai gan shi ya kaɗa wutsiya ya tafi, ya koma gida da zaton ya yi abin kirki, kifin kuwa ya je ya mutu a ƙarƙashin ruwa. Ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya ta sanya babban mai kan guduma a sahun waɗanda ke dab da ƙarewa a 2019.

Waɗanda aka halatta ɗauka kuma an yi musu iyaka: ɗaya ga mutum ɗaya a yini. Ƙananan iri kamar mai baƙin fiffike babu ƙa'idar tsawo a kansu, manya kuwa sai sun kai inci 54, watau wajen santimita 137. Dole a fito da kifin da kansa da wutsiyarsa da fikafikansa a jikinsa. Karya waɗannan ƙa'idoji laifi ne da kan jawo tarar da ta kai dala 500 ko ɗaurin da ya kai kwana 60.

Gari da mai gada

Kuskuren da baƙo ya fi yi shi ne zaton takardar jiha ta buɗe masa ko'ina. Ba haka ba ne. Jiha ce ke da iko a kan kifi, amma rairayi da wurin ajiye mota da lokacin buɗewa da rufewa suna hannun majalisun garuruwa da gundumomi, kuma su ne suka fi jin koken masu otal. Garin Delray Beach ya hana farautar shak a rairayinsa na jama'a a 2009, shekara 10 kafin dokar jiha. Wasu garuruwan sun hana kamun kifi kowane iri a tsakanin tutocin da masu ceton rai ke tsaro, wasu sun taƙaita shi ga dare. An sha jayayya a kan ko gari yana da hurumin yin haka, tun da tsarin mulkin jihar ya danƙa al'amarin kifi ga hukuma guda. Garuruwan kan amsa da cewa lafiyar jama'a suke karewa, ba kifi suke mulka ba. Mai hankali dai allon da aka kafa a bakin hanya yake fara karantawa.

Mai gada kuma sarki ne a gadarsa, kuma da yawansu sun hana farautar shak gaba ɗaya saboda wani dalili na zahiri. Gada tana da tsayi daga ruwa, ba a iya ɗago kifi mai kilo 100 da igiya. Wanda ya kama irinsa, ko dai ya yanke, ko ya bi dogon gadar yana jan sa har zuwa gaɓa, yana tsallake sandunan mutane, ya ratsa da shi ta ruwan da yara ke wasa. Cikin awa guda mutum ɗaya ya tsayar da kamun mutum 50 da suka biya kuɗin shiga kamar yadda ya biya. Mai gada ɗan kasuwa ne, ya san wanda ya fi kawo masa ciniki. A inda aka yarda kuwa, akan keɓe ƙarshen gadar ko wasu sa'o'i na dare.

Abin da ba a rubuta ba

Ban da doka, akwai ladubban da tsofaffin hannu ke koya wa sababbi, kuma su ne ainihin abin da ke hana rigima. Na farkonsu nisa ne. Ba a kafa sanda kusa da masu iyo ko masu hawan igiyar ruwa a kan allo, ko da doka ba ta faɗi adadin taku ba. Akan jira la'asar sakaliya bayan jama'a sun watse, a tattara kafin hantsi. Idan masu iyo suka iso bayan an riga an jefa, mai fatsa ne ke zuwa ya gaya musu inda igiyarsa ta bi, cikin lalama, in ta kama ya naɗe. Yana iya cewa shi ya riga su zuwa, kuma gaskiya ce, amma ya san idan magana ta kai zauren majalisar gari, masu iyo sun fi shi yawan ƙuri'a.

A kan gada, wanda ya riga zuwa shi ke da wurinsa, ba a jifa a ƙetare igiyar maƙwabci. Idan babban kifi ya kama wa wani, yakan ɗaga murya ya sanar, na kusa da shi su naɗe nasu su ba shi hanya, shi kuma ya bi kifinsa a tsaye, ba ya zauna ya bar shi ya tattare igiyoyin jama'a ba. Wanda aka ba hanya yau, gobe shi zai bayar. Jini da ƙaya ana wanke su daga katako kafin a tafi, ragowar koto ba a barin ta ta yi wari, tsohuwar igiya kuma akwai bututun da aka kafa don zuba ta. Wani abin lura shi ne, umarnin yanke igiya bai shafi tsuntsu ba. Idan babban tsuntsun ruwa mai jakar baki ya sarƙe, wanda yakan faru sau da yawa a gadoji, hukuma cewa ta yi kada a yanke. A jawo shi a hankali, a rufe masa ido, a cire ƙugiyar, domin in ya tashi da igiya zai je ya rataye a bishiya. A gadar Skyway ta bakin Tampa, wadda ragowar tsohuwar gadar mota ce da jirgin ruwa ya rusa a 1980, matsalar ta yi yawa har aka kafa wa masu fatsa darasi na musamman a 2023.

Game da kifin kansa, ladabi ya zarce doka. Ƙwararru sukan yi amfani da kaya masu ƙarfi don kokawa ta gajarta, suna ganin wanda ke alfahari da awa uku a kan siririyar igiya kashe kifi yake yi a hankali. Kafin a jefa koto an raba aiki: wane zai riƙe wutsiya, wane almakashi, wane zai hana 'yan kallo matsowa. Mai hoto yana ɗauka ne yayin da ake aikin saki, ba a tsayar da aiki dominsa. Ko kifin na halal ne, ba a hawa bayansa, ba a jan sa kan busasshen rairayi. Wasu kuma sukan maƙala masa alamar shirin gwamnatin tarayya na bin sawun shak, wanda aka fara tun 1962 kuma yawancin aikinsa masu fatsa ne ke yi kyauta. Da yake da dare ake sana'ar, akwai haƙƙin kunkurun teku, wanda ke fitowa yin ƙwai daga Maris zuwa Oktoba: farar fitila tana ruɗa shi da 'ya'yansa, saboda haka ja ake kunnawa, kuma duk ramin da aka haƙa a cike shi.

Ba za a ce dokar ta gama aiki ba. Gaɓar Filorida ta fi mil 1,300, jami'ai kaɗan ne, kamun kuma cikin duhu ake yi. Gane irin kifi a cikin kumfar ruwa da hasken tocila ba ƙaramin aiki ba ne, ko ga wanda ya yi darasi. Masu kare halittu suna ganin muddin an yarda a jefa wa mai kan guduma ƙugiya, hana fitar da shi ruwa rabin magani ne. Masu jiragen haya kuwa kukansu dabam ne: sun ce shak ya yi yawa har yana cinye musu kifi a kan igiya kafin su ɗago. Sau da yawa hotunan da masu laifi suka ɗora da hannunsu a Facebook da Instagram su ne shaidar da ake kama su da ita.

Inda abin ya shafi ɗan kasuwar Afirka ta Yamma

Raba ruwa da ƙa'ida ba baƙon abu ba ne a wannan nahiya. A Argungu, Sarkin Ruwa ke tsare Matan Fada, ba mai jefa homa sai ranar da aka buɗe. A garuruwan masunta da dama na gaɓar Gana ba a fita teku ranar Talata. A Nijeriya, ƙa'idojin da suka biyo bayan Dokar Kamun Kifin Teku mai lamba 71 ta 1992 sun keɓe mil 5 na farko daga gaɓa ga masu kwalekwale, suka hana manyan jiragen jan taru shiga. Bambancin shi ne, a nan shak abinci ne da haja, ba abin wasa ba. Masunta a Shama da Dixcove da Axim na ƙasar Gana suna kama shi, a sa wa naman gishiri ko a ƙyafe shi, fikafikan kuma a busar a sayar wa dillalai masu aikawa Asiya, inda ake miya da su, Hong Kong kuwa ita ce babbar kasuwarsu.

A kan fikafikan nan ne dokokin waje ke iso wa ɗan kasuwar gida. Sharaɗin Filorida na fito da kifi da fikafikansa a jiki an yi shi ne don hana yanke su a jefar da kifin da ransa, abin da jihar ta haramta tun 1992. A watan Disamba na 2022 Amurka ta hana saye da sayar da fikafikan shak a ƙasar baki ɗaya. Wata guda kafin haka, a taron da aka yi a Panama, ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CITES ta cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa sun sanya dangin shak mafi yawa a wannan ciniki, iri 54, a jerin waɗanda ba a fitar da su daga ƙasa sai da takarda, kuma wannan ya fara aiki ranar 25 ga watan Nuwamba, 2023. Manyan masu kan guduma sun riga sun shiga jerin tun taron Bankok na 2013. Nijeriya tana cikin yarjejeniyar tun 1975, kuma Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke bayar da takardar. Buhun busassun fikafikai da ya bar Ikko ko Tema ba tare da ita ba, kayan fasa-ƙwauri ne a duk tashar da ya sauka. A 2020 jami'an kwastan na Hong Kong sun ƙwace tan 26 na irin wannan kaya a cikin kwantena biyu da suka taso daga ƙasar Ikwado.